Babi na Shida: Ranar da Harshe Ya Yi Nauyi

Bahaushen Sudan ya gaji doguwar gaisuwa ta fuska biyu. Kakanninsa sun zo da tasu daga Sakkwato da Kano da Katsina da Haɗeja, sai kuma ya tarar da ta Larabawan bakin kogi, wadda ita ma ba a gama ta a tsaitsaye. A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kafa a 1906 a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903, mutum biyu kan haɗu a ƙofar masallaci su tambayi kwana da gajiya da iyali da zafi, idan maƙwabci Balarabe ya iso su juya harshe su sake daga farko. Mai lafiya ba ya jin nauyin wannan. Amma akwai wanda "lafiya lau" kaɗai take cinye masa numfashi guda, kafin ya kai "yaya gida" abokin gaisuwarsa ya riga ya wuce gaba da tambaya uku. Irin wannan mutum yakan fara da taƙaita gaisuwa, daga nan ya koma ɗaga hannu, a ƙarshe ya daina fitowa dandali. Mutane su ce ya canza hali.

Cututtukan da ke kai mutum ga wannan hali suna da yawa. Wanda aka fi sani shi ne shanyewar ɓarin jiki. Akwai ciwon makyarkyata na tsofaffi, akwai buguwar kai, wadda yaƙi ya yawaita ta a ƙasar. Wannan babi zai tsaya ne kan wani ciwo da ba kasafai ake ambatonsa a ƙauyukan yankin Jazira na Sudan ba, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da MS, a asibitocin Sudan kuma a ce masa tasallub muta'addid. Da Hausa mu kira shi ciwon zaizayar rigar jijiya.

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka suna naɗe ne da wani farin kitse da ake kira mayelin, shi ke sa saƙo ya yi sauri. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta far wa rigar, ta bar tabo nan da can. Manomin Jazira zai gane abin nan take idan ya tuna da abu ishrin, magudanar da ke kawo ruwa daga tur'a, wato magudanar da ta fi ta girma, zuwa gonaki: in gefenta ya zaizaye, ruwan yana nan a sama, gonar ma tana nan, amma abin da ke isowa kaɗan ne, kuma a makare. Tunanin mai ciwon yana nan daram, harshensa ma ba abin da ya yanke shi. Umarnin ne ke isa a makare, kuma ba daidai ba.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ciwon a birnin Faris a 1868, kuma cikin alamomi ukun da aka jingina wa sunansa har yau akwai magana: rawar ƙwayar ido, karkarwar hannu idan an miƙa shi zuwa wani abu, da magana mai fita gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da nauyi ɗaya. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi, mata sun ninka maza, kuma galibi yana bayyana ne tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai lokacin da mace ke goyo, namiji ke riƙe da gida. A 2022 wasu masu bincike na jami'ar Harvard, bayan sun bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, sun nuna cewa kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr na ninka haɗarin samun ciwon sau 32. Sai dai kusan kowane baligi a duniya ya taɓa haɗuwa da wannan ƙwaya, 'yan kaɗan ne ciwon ke kamawa, don haka ba a ɗaukarsa daga wani, ba dalilin raba ƙwarya ko shimfiɗa.

An daɗe ana cewa ciwon na mutanen ƙasashen sanyi ne. Akwai gaskiya a ciki, domin ya fi yawa a arewacin Turai da Kanada fiye da Afirka kudu da Sahara. Amma mai ƙirga ba ya ƙirga abin da bai gani ba. Tabbatar da ciwon na buƙatar likitan jijiya da hoton MRI, wanda a Sudan ake ce wa ranin, wani lokaci har da ɗibar ruwan laka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe matalauta ma'aikatan fannin jijiya ba su wuce 0.1 ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun kai 7.1. Akwai kuma wani ɗan'uwan ciwon, mai kama jijiyar ido da laka da ƙarfi, wanda ya fi damun baƙar fata, maganinsa kuma daban ne. Shi ya sa sunan ciwo ba abin da za a laƙaba wa mutum a zaure ba ne.

To, mu ɗauka wata mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, a ɗaya daga cikin kambon ma'aikatan gona da ke warwatse a Jazira. Wata shekara ido ɗaya ya yi mata hazo, bayan makonni ya washe. Wata shekarar ƙafa ta yi sanyi, ita ma ta saki. Haka ciwon yake farawa ga kusan kashi 85 cikin 100 na masu shi, ya taso ya lafa. Wannan tasowa da lafawa ita ce ke rikita dangi. Duk abin da aka yi na ƙarshe kafin lafawar, shi ake ba wa yabo, ko rubutu ne, ko turare, ko ƙaho. Sai wata rana a ji maganarta ta harɗe, muryar ta yi ƙasa, tana fita ta hanci. Wasu ma sukan fashe da dariya ko kuka ba tare da abin dariya ko na kuka ba, saboda tabon ya taɓa jijiyoyin da ke riƙe fuska. A ƙauye, mace mai dariya ba dalili da harɗaɗɗen harshe, kowa ya san abin da za a ce: iska ce.

Ban ga laifin wanda ya kai 'yar'uwarsa wurin malami don addu'a ba, mu duka da ita muka tashi. Inda nake da ja shi ne wajen aska. Idan murya ta koma hanci ko haɗiya ta yi wuya, akan kira wanzami ya cire beli, wanda Larabawan Sudan ke kira risha. A wannan ciwo belin lafiyarsa ƙalau. Ganɗar da ke rufe hanyar hanci ce ta yi rauni don saƙo ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Yanke nama daga wurin da ya riga ya raunana ba ya ƙara komai sai zubar jini da haɗarin ƙwayoyin cuta.

Kusan rabin masu wannan ciwo suna samun wata tangarɗa a magana, wasu kaɗan, wasu da yawa. A birni akwai masu sana'ar gyaran magana, da Larabci a ce musu masu takhaɗub, kuma mafi yawan aikinsu a kan yara yake. Kafin yaƙi, mutumin Jazira mai ciwon jijiya yakan fara da asibitin koyarwa na Wad Madani, in abin ya gagara a tura shi Hartum, asibitin Sha'ab. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kori likitocin Hartum zuwa Madani, sai ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disambar shekarar. Garin Singa ya biyo baya a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Singa a Nuwamba, suka koma Madani a Janairun 2025, amma likitan da ya riga ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Alƙahira ko Jidda ba labarin rediyo ke dawo da shi ba. Hausawan jihar Shuɗin Nilu kuwa tun rikicin Yuli da Oktoban 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi, dubbansu suka bar gidajensu. A Yulin 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan wannan ciwo uku a jerin magunguna na dole, amma biyu daga cikinsu sai an ajiye su a firij, yawancin kambo kuwa ko wutar lantarki babu.

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya hannun iyali. Abin da ya sa na ware wa magana babi guda shi ne, mafi yawan aikin gyaranta ba ya buƙatar na'ura ko firij. Ba ya warkar da ciwon, kuma binciken da aka yi a kansa na ƙananan rukunoni ne, kada wani ya sayar muku da shi a matsayin waraka. Abin da yake yi shi ne ya sa a fahimci mutum da ragowar ƙarfin da yake da shi.

Abu na farko ma ba a baki yake ba, a agogo yake. A 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu marasa lafiyarsa yana dusashewa idan sun motsa jiki. Daga baya aka gane cewa jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta jure zafi, ko da zafin jiki ya hau da rabin digiri saƙo na iya tsayawa. Akwai zamanin da likitoci ke tsoma mutum a ruwan zafi don su gane ko yana da ciwon. Yanzu a tuna da Jazira a watan Afrilu da Mayu, inda zafi ke haura digiri 40 kwana da kwanaki. Matar da aka yi hira da ita sarai bayan asuba, da azahar sai a ji ba a gane abin da take faɗa, musamman in ta taso daga bakin tanda ta gama toya kisra. Dangi su ce ciwo ya tashi, ko su ce da gangan take yi. Ko ɗaya ba haka ba ne, in jiki ya huce maganar na dawowa. Saboda haka muhimmiyar magana, ta aure ce ko ta gado ko ta kiran ɗa da ke Saudiyya, a yi ta da sanyin safiya. Da rana kuwa a zauna a rumfa, a jiƙa mayafi a ɗora a wuya, a sha ruwan randa. Aikin wuta a bar wa wani in akwai. Zazzaɓi ma haka yake yi, don haka maleriya ko ciwon mafitsara a yi maganinsu da wuri.

Sai numfashi. Murya iska ce, kuma mai wannan ciwo yakan fara jimla da ƙarfi ya ƙare ta da raɗa. Masu gyaran magana suna koya masa ya zauna a miƙe, ba a kishingiɗe kan gadon angare ba, ya ja numfashi kafin ya buɗe baki, ya faɗi kalma uku ko huɗu, ya tsaya, ya sake ja. Suna sa shi ya ja sauti ɗaya da ƙarfi iya tsawon da zai iya, ko ya hura iska ta siririn bututun shan lemo a cikin kofin ruwa. Akwai wani tsarin horo mai suna LSVT da aka ƙirƙira a Amurka a shekarun 1980 don masu makyarkyata, aka kuma gwada shi a kan masu wannan ciwo. Duk dabararsa abu ɗaya ce, mutum ya sa a ransa cewa da ƙarfi zai yi magana, don in murya ta ɗaga, baki kan buɗe, haruffa su fito. A gida ana iya cewa da shi, ka ɗauka da wanda ke bayan katanga kake magana.

Duk wanda ya zauna gaban alaramma zai ji wannan bai zame masa baƙo ba. Makarantar allo, wadda a Sudan ake kira khalwa, ta shafe ƙarnuka tana koyar da inda kowane harafi ke fita, mafita 17 a lissafin Ibnul Jazari, da yadda ake jan madda, da inda ake tsayawa a numfasa. Ba na cewa tajwidi magani ne. Ina cewa a kowane ƙauyen Hausawa daga Mai Wurno zuwa Damazin akwai mutanen da kunnensu ya horu da jin harafin da bai fita daidai ba, kuma sun saba da maimaitawa ba gajiya. Gajerun surori da aka haddace tun ƙuruciya sun dace da atisaye, domin mutum ba ya wahalar neman kalma, hankalinsa na kan furuci kaɗai. Wanda yake jin kunyar karatunsa ya lalace, a tuna masa hadisin da ya yi wa mai karatu da wahala albishir da lada biyu, a tuna masa Annabi Musa ma ya roƙi a warware masa ƙullin harshe. Sharaɗi ɗaya ne, malam ya ajiye tsumagiya, ya kuma sallami ɗalibin kafin ya gaji. Minti goma kullum ya fi awa guda a mako.

Carbi ma yana da aiki. A asibitocin Turai ana ba mai gaggawar magana wani ɗan allo mai gida-gida, ya taɓa gida ɗaya ga kowace kalma don ya rage sauri. Ƙwayar carbi ɗaya, kalma ɗaya. Ka ga mace zaune kan tabarma da hantsi, 'yarta na gabanta, carbi a hannun dama. Ta ja ƙwaya: "Kawo." Ta ja wata: "Min." Ta numfasa. "Ruwa." 'Yar ta ce, "To, Inna, na ji. Sake faɗi, wannan karon har Yaya da ke waje ya ji." A ɗauki muryar a waya a saurara tare, domin sau da yawa mai ciwon yana zaton ihu yake yi alhali da ƙyar ake jin sa.

Akwai wani wuri da littattafan Larabci da na Turanci ba za su taimaki Bahaushe ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali. Ga kuma ɓ da ɗ da ƙ da ts, waɗanda sai maƙogwaro ya yi aiki na musamman suke fita, in ya gaza ƙafa ta zama kafa. Wannan ciwo kuwa waɗannan abubuwa yake lalatawa: yana miƙar da murya ta zama shimfiɗe, yana daidaita tsawon gaɓoɓi. Balaraben da muryarsa ta miƙe ya rasa armashin magana, Bahaushe kuwa yana iya rasa ma'anarta. Masanin takhaɗub da ba ya jin Hausa zai gwada mara lafiya da Larabci ya ce da sauƙi, a gida kuwa 'ya'yanta na ta "me kika ce?" Don haka atisaye a yi shi da harshen da ake magana da shi a tsakar gida, da kalmomin da ake buƙata kullum, sunayen yara da na abinci da na wuraren ciwo.

Rabin aikin kuwa na mai sauraro ne, kuma a ganina nan muka fi gazawa. A kai mace asibiti, likita ya tambaye ta tun yaushe, kafin ta haɗa leɓe maigida ya amsa. A gida ta fara jimla, ƙanwarta ta ƙarasa mata, sau da yawa da abin da ba shi take nufi ba. Tausayi ne ke jawo haka, amma ƙarshensa mutum ya saki magana gaba ɗaya, tsokar da ba a aiki da ita kuwa ƙara mutuwa take yi. A kashe rediyo, a zauna fuska da fuska. Ta fara faɗin kan zancen, "maganar gona," sannan bayani. Wanda bai gane ba kada ya gyaɗa kai na ƙarya, ya maimaita abin da ya ji, "Goggo, na ji kin ce gobe, sauran ne ban kama ba." Ranar da baki ya ƙi sam, a rubuta haruffa a kwali, na boko ko na ajami, ta riƙa nunawa da yatsa, ko a yi tambayar da amsarta i ce ko a'a. Kada a yi mata magana kamar yarinya. Wasu masu ciwon kan yi jinkirin tuno kalma, amma harɗewar harshe ba taɓin hankali ba ce, shaidarta da yardarta a sha'anin dukiyarta suna nan yadda suke.

Tsokokin da ke magana su ne ke haɗiya, kuma a nan ne haɗarin rai yake. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon suna samun matsalar haɗiya. Alamarta tari ko ƙwarewa lokacin cin abinci, murya ta jiƙe bayan an kurɓi ruwa, cin abinci ya riƙa ɗaukar dogon lokaci, mutum ya yi ta ramewa, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji su yi ta dawowa saboda abinci na zamewa cikin huhu. Ruwa tsinkakke shi ya fi saurin kuɓucewa, sai busasshen abu mai marmashi kamar gyaɗa da agashe mai yaji. Abincinmu a nan ya yi mana gata. Asida ko tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, madida, kunu mai kauri, ruwan kuka da Larabawa ke kira tabaldi, duk suna tafiya a hankali. A ci a zaune a miƙe, loma ƙanana, ba hira, kada a ɗaga kai sama a kwankwaɗa, kada a kwanta sai an yi kamar rabin awa. A wanke baki da asuwaki ko buroshi safe da dare, don dattin baki ne ke zama ciwon huhu idan ya sauka. A lura kuma kada tsoron ƙwarewa ya hana shan ruwa, a zafin Jazira ƙishirwa ma kisa take yi. Batun azumi a tambayi likita da malami, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Abu ɗaya kada a haɗa shi da duk wannan. Idan magana ta ɗauke farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ya saki, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jiran gari ya waye, a nemi mota.

Sudan ta taɓa magance irin wannan ƙarancin ƙwararru. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, ta horar da matan da ba su iya karatu ba, suna gane magani ta wari da ɗanɗano, suka koma ƙauyukansu da akwatin aiki. Jami'ar Jazira, da aka kafa a 1975, ta yi suna a duniya da tura ɗaliban likitanci su zauna a ƙauye su koyi aiki. Abin da ke cikin wannan babi bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikacin shan magani ko ungozoma ko malamar Islamiyya ba, in aka ba su horon 'yan makonni, aka kuma haɗa su ta waya da likitocin Sudan da ke waje. Masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda yaƙi ya raunata a ka, waɗanda sun fi masu wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba, su ma za su amfana. Ina kira ga jami'ar, yayin da take sake tsayawa da ƙafafunta, da ƙungiyoyin Hausawan Sudan na gida da waje, su sa gyaran magana da haɗiya cikin abin da za a koya wa ma'aikatan karkara, kuma a tabbatar cikin waɗanda za a horar akwai masu jin Hausa.